Littafin Dahba Ungozoma

Da asuba waya ta yi ƙara.
Lehbib ne, daga Alikante,
murya kamar daga ƙasan rijiya:
"Inna Dahba, kin tuna daren da aka haife ni?"

Yaro, ni da na yanke maka cibi
da rezar da na tafasa a butar shayi?
Daren Laraba ne, a sansanin Smara,
batirin motar da ke ba mu wuta ya mutu,
uwarka Tefarra ta ciji bakin mayafinta
har shuni ya rine mata haƙora.
Ka faɗo kana ihu kamar mai bin bashi.
Kilo uku cif,
a sikelin da ake auna mana garin agaji.

Ya ce, "Ba labari suke so ba, Inna. Takarda."

Galiya ta sauka, kwana tara ke nan,
mace, mai yalwar suma.
Ya ɗauke ta a zani zuwa ofishin rajista.
Matar da ke bayan gilashi ba muguwa ba ce,
har wasa ta yi wa jaririyar da biro,
sannan ta tambayi ƙasar uba.
Ya faɗa.
Ta juyo masa fuskar kwamfuta ya gani da idonsa,
ƙasashen duniya sun yi sahu kamar masallata,
ta gangara da yatsa, ta hau, ta sake gangarawa,
babu inda aka matsa mana muka tsaya.

"Aljeriya?"
Ya ce, a ƙasarsu na faɗo, amma baƙo nake.
"Maroko?"
Ya yi shirun da kakansa ya bar masa gado.
Ta ce ya kawo shaida, ko ta mene ce,
ya dawo ran Litinin.

Na ja akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin barguna.
Littattafan 'yan makaranta ne, goma sha ɗaya,
na ɗaure su da igiyar tanti.
Duk wanda ya fara shaƙar iska a hannuna yana ciki:
suna, uwa, uba, rana, nauyi,
da ɗan gicciye gefen waɗanda ba su kai suna ba.
Ba hukuma ce ta sa ni ba.
Tsoron mantuwa ne.

Na bakwai ne naka.
Amma ka tuna shekarar ruwa,
da sama ta biya mu bashin shekara goma a kwana uku,
ɗakunan laka suka narke kamar sukari a kofi?
Shafinka ya zama tafki mai launin shuɗi.
Saura "Leh", da rabin uku,
sai dangwalen babban yatsan Tefarra a ƙasa.
Ba ta iya rubutu ba, ta lashi yatsa,
ta murza a mayafi, ta danna.
Tawadar kanti ta gudu.
Shunin yana nan.

Jikata Mamiya ta ɗauki hoton shafin,
ta hau tudun bayan garken awaki
inda waya ke kamawa,
ta ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa
har ya tafi.

Ban sani ba ko matar gilashi za ta karɓa.
Ba hatimi, ba tuta, ba sa hannun kowa.
Yatsan mace ɗaya ne
wadda ke kwance yanzu gabas da sansani,
cikin ƙasar aro.

Lehbib, kafin kuɗin wayarka su ƙare:
na buɗe na goma sha ɗaya, akwai sauran layi.
Ba ni na karɓe ta ba, amma zan sa ta.
Ban taɓa ja layin "ƙasa" a littafina ba,
ba yau zan fara ba.
Suwadu, ka ce? 'Yar Galiya?
Dakata.
Ba na rubuta sunan da ban ji kukansa ba.
Kara mata wayar a baki,
ka ɗan mintsine ta.